Nauyin Farar Riga

Ɗiyata,

Ummanki ta kira ni daren Juma'a bakinta har kunne. Ta ce sakamakon jarrabawarku ta gwaji ya fito, kin yi zarra a Bayoloji da Kemistiri, kuma kin ce ke dai likita za ki zama kamar Kawu. Ta ce in sa ki a addu'a. Na sa ki, kuma ina kan yi. Sai dai da na ajiye wayar barci ya ƙaurace mini, domin na san abin da ummanki take hangowa. Tana hango farar riga, da abin sauraron ƙirji rataye a wuya, da ranar da za a nuna ta a gidan biki a ce ga uwar likita can. Kowace uwa tana da haƙƙin ta yi wa 'yarta wannan fata. Ni kuwa na shekara talatin da 'yan kai a cikin rigar nan, na san inda take matsewa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto miki. Idan muka haɗu a gida hayaniyar ƙannenki ba za ta bar mu ba, kunya kuma ba za ta bar ki ki tambaye ni abin da ke ranki ba.

Bari mu fara da ƙidayar shekaru, don nan ne yara suka fi yin kuskure. Yanzu kina da 17. Idan Allah ya yarda kin samu gurbi a zama ɗaya, za ki shiga jami'a kina da 18. Karatun shekara 6 ne a takarda. Na ce a takarda, domin yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 kuma ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Yaran da suka shiga a waɗannan shekarun, da yawansu sai da suka yi bakwai ko takwas. Kin gama, an rantsar da ke, tsugune ba ta ƙare ba. Akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, wata uku-uku a ɓangaren manya, da na yara, da na tiyata, da na mata da haihuwa, kafin a ba ki cikakken lasisi. Sannan shekarar hidimar ƙasa. Kin kai 26 ko 27 ke nan. Idan kuma kina so ki ƙware a fanni guda, ki zama babbar likita wadda ake turo wa marasa lafiya daga wasu asibitoci, to sai kin ci jarrabawar share fage, kin nemi gurbin horo, kin ƙara shekara biyar zuwa shida kina aiki kina karatu kina jarrabawa. Ki haɗa lissafin da kanki. Ƙawayenki da suka karanci lissafin kuɗi ko kwamfuta za su gama tun kina tsakiyar hanya. Wasu za su kai 'ya'yansu firamare ke kuwa kina ɗauke da jakar littattafai. Ina so ki kalli wannan tun yanzu da idon basira, kada ranar da katin bikin ƙawarki ta huɗu ya iske ki a ɗakin karatu ki ji kamar an yaudare ki.

Shigar ma kanta aiki ce. Sai kin kawo kiredit biyar a WAEC ko NECO, kin zauna JAMB da Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kin kuma ci tantancewar jami'ar. Masu nema dubbai ne, gurabe kuwa ƙalilan, saboda hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanke wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta iya horarwa gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Na ga yara masu maki mai yawan gaske an tura su wani sashen da ba su nema ba. Ko an ɗauke ki ma, hangen Dala ba shiga birni ba ne, don a ƙarshen shekarar farko akan sake tacewa.

A shekara ta biyu za a kai ku ɗakin gawa. Zan ɗan tsaya a nan, domin babu wanda ya gaya mini kafin in shiga, kuma na so a ce an gaya mini. Abin da zai fara tarbar ki wari ne, warin famalin da ake jiƙa gawa da shi don kada ta ruɓe. Yana sa ido hawaye, yana kama hanci, yana bin tufafi har ɗakin kwana. Tebura ne a jere, kowanne da mutum a kwance an lulluɓe shi. Mu da muka tashi a gidajen da ake gaggauta suturta mamaci, a wanke shi, a sallace shi, a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, ganin ɗan Adam a haka yana girgiza zuciya. Wanda aka ba rukuninmu dattijo ne, tafin ƙafarsa duk faso, hannunsa da kanta irin ta mai riƙe fartanya. Na tsaya ina kallon hannun nan, na tuna hannun kakanki. Ranar ban iya cin abinci ba, nama kuwa sai da na yi makonni ban taɓa shi ba. Daga baya na ɗauki al'adar yi masa addu'a a zuciyata duk lokacin da za mu yaye mayafin. Shekara guda da rabi muna koyon jijiya da tsoka da ƙashi a jikinsa, kuma duk wanda na yi wa aiki a rayuwata, da ilimin da na samu a jikin bawan Allahn nan na yi. Za ki saba, kowa yana sabawa. Abin da nake roƙon ki shi ne kada sabon ya kai ki ga manta cewa shi ma ɗan wasu ne.

Bayan nan sai jarrabawar da ɗalibai suka fi tsoro, wadda ake kira MB ta biyu: Anatomi, Fisiyoloji da Bayokemistiri a haɗe. Makin ci 50 ne cikin 100, ba 40 ba kamar sauran sassa. Wanda ya faɗi darasi guda ya sake zama, wanda abin ya yi wa yawa ya maimaita shekara, wanda ya sake faɗuwa a sallame shi daga tsangayar. Ni kaina na faɗi Bayokemistiri a zaman farko. Tun daga firamare ban taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu ba, sai ga sunana a jerin masu sakewa, an manna a allo kowa na karantawa. Na kwana uku ban fita ba. Ina gaya miki wannan ne don ke ma kin saba da zama ta ɗaya. A can duk wanda ke zaune kusa da ke shi ne na ɗaya a makarantarsu. Yawan karatun ya wuce a ce an haddace shi daren jarrabawa, sai dai kullum a ɗan tsakura, kamar mai tara hatsi a rumbu. Masu kaifin ƙwaƙwalwa da yawa sun fita, masu naci suka rage.

To, in hanyar haka take, me ya sa ban ce ki haƙura ba? Bari in ba ki labarin dare guda.

Ina sabon likita aka tura ni wani babban asibiti a wani ƙaramin gari, ni kaɗai ne likita. Da damina ne, wajen ƙarfe ɗaya na dare, mai gadi ya buga mini taga. An kawo wata yarinya a amalanken shanu daga ƙauye, ruwa ya yanke hanyar mota. Shekarunta ba za su wuce naki na yanzu ba. Kwananta biyu tana naƙuda a gida. An ba ta jiƙe-jiƙe, an yi mata rubutu, har yankan gishiri an yi mata, kan ɗan ya ƙi fitowa domin ƙugunta bai isa ba. Leɓenta ya bushe, idanunta sun faɗa, ta daina ma kuka. Da mijin ya ga namiji ne zai duba ta, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a'a. Ba mugu ba ne, ɗiyata, yana son matarsa, shi ne ya ja shanun nan cikin taɓo. Abin da ya tashi a kai ke nan. Sai da wata dattijuwar nas ta ja shi gefe tana lallashi, ta haɗa shi da Allah, kafin ya sunkuyar da kai ya ce a yi. Awa guda ta tafi a wannan. Babu wuta, injin ba mai. Da fitilar ƙwai da tocila biyu muka shiga ɗakin tiyata. Ana bukatar jini, 'yan uwan suna tsoron bayarwa, wai za su ƙare. Direban asibiti ne ya nannaɗe hannun riga ya bayar da leda guda.

Ɗan ya riga ya rasu a ciki. Uwar ta rayu. Amma daɗewar da kan ɗan ya yi yana danne mafitsara ya kashe naman wurin, bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan, ciwon da ke sa a ware mace, a ba ta ɗakinta daban da kwanonta daban, sau da yawa ma ya kashe aure. Na rubuta mata takarda zuwa Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, wanda aikin kuturta ya kawo shi a farkon shekarun 1980, ya ga halin da matanmu ke ciki ya mayar da rayuwarsa ga ɗinke su, ya yi wa dubbai aiki ya kuma horar da likitocinmu. Bayan watanni ina zaune ina ganin marasa lafiya, sai wata mace ta shigo da lulluɓi mai tsabta ta durƙusa. Ban gane ta ba, ta yi ƙiba. Ta ce, "Likita, ni ce. Tabarmata ta bushe." Ta ajiye ƙwan zabi a ƙwarya ta fita. Na rufe ƙofa na zauna shiru na ɗan lokaci kafin in iya kiran na gaba.

Na sha juya daren nan a raina. Da a ce sun san mace za su tarar a asibitin, wataƙila tun ranar farko za su taho, wataƙila da ɗan yanzu magidanci ne. Wannan shi ne babban abin da ke rinjayar da ni zuwa ga burinki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kimanin 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma kowa a aikinmu ya san Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin bayan haihuwa, duk abubuwa ne da aka san maganinsu. Akwai matan da za su ɓoye ƙullutu a nono shekara guda saboda ba za su iya buɗe wa namiji ba, sai ya fashe a kawo su. Akwai abin da mace za ta raɗa miki da Hausa, cikin sakaya, wanda ba za ta taɓa gaya mini ba ko da zan shekara ina tambaya. Idan ta ce miki "jikina ne ba daidai ba", ke kin san inda maganar ta dosa. Wannan gata ne da Allah ya ba ki tun kafin ki buɗe littafi.

Ki kuma tuna ba mu daɗe da fara wannan tafiya ba. Dakta Barau Dikko na Wusasa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, shi ne likita na farko daga Arewa, kuma sai da ya je Birmingham a Ingila ya yi karatun. Jami'ar Ahmadu Bello ba ta buɗe tsangayar likitanci ba sai 1967. Yau ga Zariya, ga Kano, ga Sakkwato, ga Maiduguri, ga Jos, ga sababbi a jihohi, yarinya tana iya zama likita ba ta ƙetare Kwara ba. Kakarki ko a mafarki ba ta ga wannan ƙofa ba.

Amma kada labarin tabarma ya ɗauke ki, don ba kowane dare ke ƙarewa da ƙwan zabi ba. Za a kawo miki yaro ɗan shekara uku, zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini, tafin hannunsa fari fat kamar takarda. Kina neman jijiyar da za ki sa masa ƙarin jini, numfashin ya tsaya a hannunki. Ke za ki juya ki gaya wa uwar. Da ta zage ki da ya fi sauƙi. Sai ta goya gawar a baya kamar mai barci, ta ce, "Allah ya saka da alheri, likita, kun yi iya ƙoƙarinku." Ke kuwa kin san da an kawo shi jiya, ko da akwai jini a ajiye, da yanzu yana neman nono. Ba za ki samu ko minti goma na kuka ba, saboda akwai mutum arba'in a layi riƙe da kati. Wani lokacin kuma kuskuren naki ne. Babu likitan da ya daɗe yana aiki da ba ya ɗauke da wata fuska a zuciyarsa, wadda yake cewa da na lura da wuri. Ni ma ina da tawa, ina nema mata gafara ina nema wa kaina har gobe. Idan kin san ke mai riƙe abu ce a rai har ya hana ki ci da barci, ki yi wa kanki adalci ki sa wannan a ma'auni.

Akwai kuma haɗarin da ke kan jikinki. A 1970 a Jos, wata likitar mishan, Dakta Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda zazzaɓin Lassa ya kashe, ita ma ta bi shi. Har yau kusan kowane rani cutar nan tana ɗauke mana ma'aikatan lafiya. A 2014 Dakta Ameyo Adadevoh ta hana mutumin da ya shigo da Ebola Legas fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata. Ta tsare ƙasa baki ɗaya, ita kuma cutar ta kashe ta ranar 19 ga Agusta. Allura mai jinin wani tana iya soke ki ƙarfe uku na dare, lokacin da kika yi awa ashirin a tsaye. Kuma shekara da shekaru, har zuwa ƙarshen 2021, kuɗin da gwamnati ke biyan likita a kan wannan haɗari naira 5,000 ne a wata.

Tunda na ambaci kuɗi, bari in gama da shi a taƙaice. Likita ba ya rasa aiki, ba ya kwana da yunwa, ana kuma girmama shi duk inda ya shiga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da masu digiri ke yawo da takardu. Amma wanda ya shigo don ya yi arziki ya ɓata hanya, ɗan kasuwar Kantin Kwari mai rumfa biyu ya fi shi juya kuɗi. Dangi kuwa za su ɗauka kin haye. Kowa da takardar maganinsa, kowa da hoton gwajinsa a WhatsApp, kuma ba za ki iya cewa a'a ba. Wannan matsi, da rashin kayan aiki, su ke korar yaranmu. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, waɗanda suka rage wajen 55,000 ne ga mutum sama da miliyan 200, su ma da yawansu suna Legas da Abuja. Cikin waɗanda na horar, wasu suna Ingila, wasu suna Saudiyya. Ba na zargin su, na san abin da ya kore su. Sai dai duk wanda ya tafi, aikinsa kan wanda ya zauna yake komawa, kuma idan kin zauna ke ce za ki ɗauka.

Na ji ummanki tana cewa idan ba a samu gurbi a gida ba za a sayar da filin nan a tura ki waje. Ku bi a hankali. Yaranmu da yawa suna Sudan suna karatun likita lokacin da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka kwaso su a motoci, suka yi kwanaki a yashe a kan iyakar Masar, wasu saura musu shekara guda su gama. Na Yukren ma haka ta same su a 2022. Ko an gama lafiya, duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a nan, kuma ba kowa ke ci ba. A gida ma, kafin a biya ko sisi, a tabbatar hukumar ta amince da tsangayar, kada a dogara da allon talla ko maganar dillali.

Sai maganar da kunya ba za ta bar ki ki ɗauko ba, wato aure. Ba gaskiya ba ne cewa karatun likita yana hana mace aure. 'Yan ajinmu da ɗalibaina da yawa sun yi aure suna aji huɗu ko biyar, na ga wadda ta zauna jarrabawar ƙarshe da jariri ɗan sati uku, kakarsa na riƙe da shi a bakin zaure. Amma waɗanda suka kai gaci, kusan dukkansu sun samu abu biyu: mijin da ya fahimci aikin tun kafin a ɗaura, da wata uwa ko 'yar uwa da ke kama musu yara. Duk wanda ya zo neman ki, a gaya masa gaskiya tun a zaure. Akwai daren da zai kwana shi kaɗai kina asibiti. Akwai ranar Sallah da za a sauko Idi kina ɗakin haihuwa. Za ki duba maza, za ki yi aiki da maza. Wanda ya ce ya yarda yana murmushi don yana son a ba shi, ba shi nake nufi ba. A nemi wanda ya yi shiru ya yi tunani kafin ya amsa. Na ga likitoci mata masu hazaƙa da takardarsu ke cikin akwati yau, shekara takwas na wahala da gurbin da wata ta rasa duk sun tafi, saboda ba a yi wannan magana a kan lokaci ba.

Malamai sun ce ilimin likitanci farilla ce ta kifaya, Imam Gazali ma ya kawo shi a matsayin misali a cikin Ihya'u. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, sai da ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Ma'anar kifaya ita ce dole a samu waɗanda za su yi a cikin al'umma, in ba haka ba kowa ya yi laifi. Amma ma'anarta kuma ita ce ba a ɗora wa wani mutum guda ba. Idan kin duba zuciyarki kin ga ba nan take ba, ba ki saɓa wa Allah ba, ba ki kuma kunyata ni ba. Dattijuwar nas ɗin nan da ta shawo kan mijin yarinyar, ita ta fara ceton ran kafin in ɗauki wuƙa. Ungozoma ƙwararriya a ƙauye tana tsare rayukan da ba za su ƙirgu ba. Mai haɗa magunguna, da mai gwajin jini, da mai ɗaukar hoto, da mai gashin ƙashi, in babu su likita makaho ne. Waɗannan duk karatu ne na daraja, wasunsu sun fi gajarta, wasu sun fi barin mutum ya kwana a gidansa. Abin da ba na so shi ne ki shiga don a kira ki Dakta, ko don farin cikin ummanki kaɗai. Sunan yana daɗi wata shida na farko. Bayan nan abin da ya rage shi ne wari, da jini, da tsayuwa, da mutum a gabanki yana jin ciwo. Waɗanda na ga sun daɗe cikin aikin nan da fara'arsu su ne waɗanda in sun ga mai ciwo ƙafarsu ke matsawa kusa da shi tun kafin su yi tunani.

Ni ba zan iya gane miki ko kina cikinsu ba, ke ma ba za ki gane daga kan kujerar aji ba. Gani ya kori ji. Na yi magana da wata ɗalibata ta dā, yanzu babbar likitar mata ce, ta yarda ki riƙa bin ta na mako biyu idan an yi hutu, da izinin shugabannin asibitin da na matan da za a duba. Ba za ki taɓa kowa ba, kallo kawai za ki yi. Za ki zauna a wurin awon ciki, ki bi zagayen safe gado-gado, ki kwana biyu a ɗakin haihuwa. Ki riƙe ɗan littafi, kowane dare ki rubuta abin da ya ba ki tsoro da abin da ya sa kika ji kina son komawa gobe. Idan kin gama ki kawo mini mu karanta tare, ni da ke, ba da ummanki ba tukuna, ita ni zan yi mata bayani. Duk abin da kika zaɓa bayan nan, kuɗin JAMB da na littattafan shekarar farko suna wuyana.

Ranar da za ki fara, ki karya kumallo sosai kafin ki fito, masu zuwa da yunwa su ne ke faɗuwa a ɗakin haihuwa. Ki sa takalmi marar tudu wanda ya rufe yatsu, da hijabin da bai ja ƙasa ba. Zan zo in ɗauke ki da kaina ƙarfe bakwai saura kwata.

Ki gaida ummanki da ƙannenki. Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri.

Kawunki.